Jinkirin Giyar Motarsa

Asabar, 4 ga Mayu

Auta ta sake tayar da maganar motar babanta. A rabon gado ita ta samu akori-kurar, kuma kantin da take kai wa ƙwai sun ce in ta ƙara makara za su nemi wani. Na ce to. Kullum to nake cewa, makullin kuwa yana jakata.

Litinin, 6 ga Mayu

Na ba ta makullin, ta gwada motar da safe. Inji ya tashi lafiya, ta saka giya, mota ta ƙi motsi. Ta taka mai, sai kuka kawai. "Umma, wannan ai ta mutu." Ta ji abin da ta faɗa, ta kama bakinta.

Ba ta mutu ba. Haka take. Otomatik ce, kuma ta tsufa, da sanyin safiya sai an jira ta kafin giya ta kama. Cikin wannan jiran muke hira ni da babanta, kafin ya sauke ni a makarantar da nake koyarwa. A gida ba mai magana ba ne, Allah ya jiƙansa. Amma a nan, ƙafarsa kan birki, har tsokanata yake, wai ko inji ya fi ni ɗaga murya.

Laraba, 8 ga Mayu

Tsohon makanikinsa ya ce kada kowa ya tayar da ita kafin ya zo, da sanyinta yake son ganin ta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya zo. Ya saka ta gaba, ya jira, ya saka ribas, ya kasa kunne. Da inji ya ɗumama ya zaro sandar awon man giya, ya nemi farin ƙyalle. Hankicina na ba shi. Man da ya kamata ya zama ja ya koma kalar shayi, amma ya shinshina ya ce bai ƙone ba. Filta ce ta toshe, man kuma ya yi ƙasa. Aikin yini ɗaya.

Na ce ashe ƙaramin abu ne. Ya yi ta goge hannunsa. "Hajiya, tun bara waccan na gaya wa mutumina. Ya ce in bar masa ita haka, ba sauri yake ba."

Na shiga ciki kawo masa ruwa, na daɗe ban fito ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ban san nufinsa ba. Wataƙila kasala ce kawai, da ma yana da ita. Kada in ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ce wa Auta makaniki bai samu filtar ba tukuna. Ban ma tambaye shi ba. Astagfirullah. Haƙƙin marainiya ne, na san hukuncinsa sarai, ni nake karantar da shi. Jiya kiret biyu na ƙwai suka fashe mata a motar haya. A takalminta na gani, ita ba ta faɗa ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na kira makanikin da kaina. Na kuma gaya wa Auta gaskiya. Ta ɗauko mai ta shafa mini a ƙafa.

Talata, 21 ga Mayu

An dawo da mota. Auta ta ce in raka ta kai ƙwai. Ta zauna, ƙafarta ba ta kai birki sosai, don kujerar tana inda dogon mutum ya bar ta. Ta yi ta laluben ƙasa, sai ta janye hannu ta dube ni.

Ni na nuna mata inda ƙarfen jan kujerar yake. Ta jawo kujerar gaba.

Tana saka giya muka tafi, ko addu'ar hawa ban ƙarasa ba. Mun isa kafin a buɗe kantin. Yarinyar nan ta iya tuƙi, sai dai tana matse kwana. Gobe zan gaya mata a hanya.