Shafi Hamsin da Biyu na Ɗakin Sanyi

Zuwa ga ɗana, ɗan ƙanwata, Shugaban masu rubuta manhaja,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka baki ɗaya.

Bayan haka, ina sanar da kai cewa wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Wata goma sha ɗaya ke nan da ka kai ni makarantar manya, kuma malama ta shaida a gaban aji cewa babu mai tsara sakin layi kamata.

Tare da wasiƙar ga littafin da ka ce in cika, shafi hamsin da biyu. Na zuba a cikinsa duk abin da na sani game da manyan na'urorin kwamfuta biyu na ɗakin sanyi, masu ɗauke da odar shagunan magani, waɗanda na shekara shida ina farfaɗo da su idan sun sume. Akwai rana da sa'ar kowace suma, da yadda ƙarar fanka ke canjawa kafin koriyar fitila ta daina ƙyaftawa. Ta ƙasa ake fara kashewa, a ƙirga arba'in, sannan ta sama. Wanda ya juya wannan tsari, kowane shagon magani zai samu odarsa sau biyu, kamar yadda ya faru ranar da yaronka Mai Tabarau ya raina maganata.

Sai dai ina jin ana yawan ambaton "biyan bashi" a ɗakin taro, kuma da na leƙo sai a yi tsit. Ina neman bayani a rubuce.

Wassalam. Kawunka, Mai Kula da Ɗakin Sanyi.

*

Kawu, ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Taku ashirin ne fa daga ƙofarka zuwa teburina, amma sai da ka sa ambulan! Rubutu ya yi kyau, wallahi har ya fi nawa.

Bashin da ka ji ba na kuɗi ba ne. Lokacin da muka gina manhajar nan sauri muke yi, sai muka yi ta faci muna cewa gobe ma gyara. Yanzu in ka taɓa nan sai can ya ɓalle, aikin yini ɗaya ya ci mana sati. Shi ne Manaja ya yarda mu ajiye sababbin abubuwa na wata biyu, mu share tsohuwar ɓarna. Littafinka zai taimaka ƙwarai. Kada ka sa komai a ranka.

Ɗanka.

*

Zuwa ga Shugaban masu rubuta manhaja,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa gwargwadon yadda ladabi ya wajabta.

Yau kwana tara na'urorin ba su sume ba. Ina zaune da rigar sanyina, kunne a kan fanka, shiru. Na ga ya dace in je in taya ku murna a matsayina na babba.

Na iske Mai Tabarau a gaban allon da kuke manna ƙananan takardu masu launi, kowace da tsohuwar ɓarnar da za a kawar. Ya ce, "Tsoho, ai kai ka nuna mana ramin! Sa'o'in da ka rubuta ne suka tona cewa suma ba ta zuwa sai babban shago ya buga rahoto." Ya ƙara da dariya, "Kai ne facin da ya fi kowane daɗewa a kamfanin nan."

Ni kuwa idona na kan takarda ta bakwai. Da bara ne, da na wuce ta kamar ado. Yanzu kuwa na karanta da kaina: "Kawu, a cire." Rubutun hannunka ne. A ƙasanta akwai kwanan wata, shi ma na iya karanta shi. Sati uku ne kafin ranar da ka riƙe mini jaka har ƙofar aji, kana cewa ilimi ba ya tsufa.

Tambayata ɗaya ce, kuma na tsara ta a tsanake: don ni ka kai ni makaranta, ko don littafin?

Kawunka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Don Allah ka yi haƙuri.

Ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Don littafin na fara. Sau uku muna tambayarka da baki yadda kake farfaɗo da na'urorin, kana cewa hannu ne ya sani. Kullum ina tsoron ranar da zazzaɓi zai kwantar da kai, shaguna ɗari su tashi babu magani. Daga baya na yi murna da karatunka tsakani da Allah, wannan ma gaskiya ne.

Ƙarshen wata za a rufe ɗakin sanyi. Na roƙi Manaja ya ba ka teburin baƙi a bakin ƙofa, ka riƙa rubuta sunan mai shiga da mai fita. Ya yarda. Don girman Allah kada Inna ta ji tukuna.

Ɗanka mai neman gafara.

*

Ɗana,

Na amsa gaisuwa. Mukullin ɗakin sanyi na hannun mai gadi. Teburin baƙi kuwa ka mayar wa Manaja da godiya.

Da ka zo ka faɗa mini gaskiya tun farko, da da hannu biyu zan miƙa maka littafin, domin a kafaɗata ka girma.

Mahaifiyarka ta zo jiya da la'asar, tana ta sa maka albarka a kan makarantar da ka kai yayanta. Ta roƙe ni in koya mata rubuta sunanta. Na shimfiɗa tabarma na koya mata, ban taɓo mata zancen takardar ba. Kai za ka faɗa mata da bakinka, a gabana, ranar Asabar.

Kawunka.