Kada Ka Yi Min Shiru, Abu Salah

Ya sanyin idona, inuwar dabinona, tsohon ɓarawon zuciyata, Abu Salah!

Tun ranar da shanyewar jiki ta ɗaure maka harshe, ɗanmu Salah ya ɗauke ka zuwa asibiti a Alƙahira, Aswan ta zame min kango. Kogin Nilu yana ta gudu, amma wa yake yi wa? Jirginka na nan ɗaure a bakin ruwa, ya yi jugum kamar tsuntsun da ruwan sama ya daka.

Mazan mutane kifi da mangwaro suke kawo wa matansu. Kai kuwa sabbin kalmomin Turanci kake kawo min, waɗanda ka tsinto a bakin baƙin da kake yawo da su a ruwa. Ka tuna yammacin da ka shigo kana taƙama, wai ni ce "kurash" ɗinka, wato wadda ake so a ɓoye? Na ce a ɓoye ina, bayan 'ya'ya shida, tsoho marar kunya? Na jefe ka da ludayi, ka goce, muka yi ta dariya har shayin ya huce. Wayyo bakin nan! Yanzu in na kira waya, numfashinka kawai nake ji.

Jiya jikarmu Shahad ta tsokane ni, wai an yi wa Kaka "gostin", wato masoyi ya ɗauke wuta ya ɓace ba sallama. Na ja mata kunne, 'yar nema. 

Don Allah, hasken gidana, kada ka bar kalmar nan ta tabbata a kaina! Ina tafe a jirgin ƙasa ranar Alhamis, da guzurin kalmomi cike da baki, na roƙo wajen Shahad. Zan zauna a gefen gadonka in riƙa faɗarsu a karkace da gangan, don na san halinka: ba ka iya jin an ɓata Turanci ka yi shiru. Ka gyara min, ka yi min dariya, ko da gefen baki ne. In Turancin ya gagara, ka ce "Zahiya" kawai, ya ishe ni.

Kai kuma Salah mai karanta masa, kada ka tsallake ko layi ɗaya, kunya ta kashe ka.

Taka, da magana ko ba magana, har ƙasa ta rufe min ido,
Zahiya