Takalmin Ɗanliti

Apapa, Ikko
9 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Malam Salihu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kuna lafiya, da Inna Adama da mutanen Yankara duka. Ni lafiya lau, in ban da tarin ƙurar siminti, an ce yana wucewa.

Kun ce in riƙa bibiyar tsofaffin ɗalibanku na kwaleji da ke buga ƙwallo a manyan kulob. To Malam, na gaji! Ran Asabar na bar aikin sauke kaya, na hau mota uku cikin ruwan sama don in ga Ɗanliti. Saura minti biyar a tashi aka ba su fanareti, aka ce shi zai buga. Gaban dubban mutane ya zauna ya kwance takalmin dama, ya jefar gefe, sai ka ce filin makarantarmu. Ya buga hakanan. Alƙalin wasa ya soke, ya ce a sake. Da takalmi kuwa, sama ya aika ta. Shugabannin kulob sun ce in ya ƙara, sallamarshi za su yi.

Na tsare shi da faɗa, sai ya ce wai ku kuka ce mana takalmi na hana ƙafa jin ƙwallo. Don Allah ku rubuta mashi da hannunku, ba ya jin tawa. A aiko mani da zuma saboda tarin.

Amma Malam, ta farkon nan, wallahi gola bai ma gan ta ba.

Ɗalibinku,
Rabo