Darasi Daga Bayan Labule

Daren Juma'a, unguwar Sanyuanli a ƙasar waje

Tun da na sauka gidan ɗana Bashir na lura matarsa, 'yar ƙabilar Kisii ta Kenya, tana fama da kewar gida. Babu mai jin harshenta a nan, shi ya sa na roƙe ta ta koya mini Ekegusii. Daga bayan labule take koyarwa, domin su ma suruka ba ta zama gaban suruki. Aikatau ɗinsu akwai wuya: mai yi, da lokaci, da wanda aka yi wa, duk a kalma guda ake ɗinke su.

Yau na gode mata da harshenta saboda tuwon da ta tuƙa mini. Daga bayan labule ta ce, "Baba, akwai kuskure, amma don Allah a sake faɗa."

Na sake faɗa, da kuskuren nawa.