Wane ne Dikko?

Al Qusais, Dubai
Maris, 2019

Zuwa ga Inna Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Alhaji Ado mai kago, wanda ke jigilar kaya tsakanin nan da Kano, zai kawo miki wannan.

Inna, jikin yayarki ya rikice. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, amma ba ita ta hana ni sukuni ba. Kullum Mama sai ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya bakin ƙofar falo, ta ɗaga murya: "Dikko, yarinyar nan taka ce, ka amsa mini!" Daga nan sai ta yi ta jira, har abinci ya huce. Ta rame. Shekaranjiya ina asibiti wurin aiki ta fice, sai a tashar jirgin ƙasa ta metro wasu 'yan Kano suka tsinto ta tana tambayar Dikko.

Sunan Baba Rilwanu, Allah ya jiƙansa. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Inna, tsoro nake ji. Wane ne Dikko?

'Yarki,
Ummulkhair

Fagge, Kano
Afrilu, 2019

Ummulkhair,

Wa'alaikumussalam. Ƙafa na nan yadda kika san ta. Na karanta takardarki na yi dariya har na ƙware, sannan na yi kuka.

Kwantar da hankalinki, wannan hancin naki na Rilwanu ne, ba mai ƙwace masa. Dikko ni ce. A makarantar horon malamai mata ba maza, sai aka naɗa mini rawani, aka manna mini gemun auduga. Wasan kwaikwayo ne, uwarki Saratu ta fito a matata, wai ita Uwa.

Ba ki san uwarki ba. Daga makaranta ta shiga ƙungiyar wasa, lokacin da mace ba ta hawa dandamali sai ta shirya shan zagi. Ta fito har a fim ɗin majigi, wanda ake haskawa a bangon makarantu. Mata kan haura katanga su kalle ta, da safe kuma su tsine mata. Da za ta yi aure ta roƙe ni kada 'ya'yanta su ji. Ga shi yau na faɗa, Allah ya yafe mini.

Saratu ba ta taɓa barin dandamali ba tare da an ba ta amsa ba. Ki tsaya gabanta ki ce: "Na amsa, Uwa. Shigo da ita, hadari ya haɗo." Ki kumbura murya, kada ki yi mini wannan maƙe-maƙen naku na 'yan boko.

Ki gaishe ta, ko ba za ta gane ba.

Innarki,
Wasila

Al Qusais
Mayu, 2019

Inna,

Ina gaisuwa. Na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗaga murya, Wasila, na baya ba sa ji." Na sake. Ta yi murmushi, ta zauna, ta cinye tuwonta tas.

Tun ranar Wasila take kirana, ni kuma ina amsawa. Jiya ta wuce zuwa magana ta gaba: "To, in na shigo, ba za ka sake barina ba?" Tana tsaye tana jira, ni ban san amsar ba.

Don Allah ki rubuto mini wasan duka. Alhaji Ado zai taso daga Kano ranar Laraba, ki ba shi.

Taki,
Ummulkhair