Jiragen Baba da Ranar Tiyata

Struer, 23 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga yayana Torben,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Naja da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku shiga sanyin bana ku fita kalau. Mu nan muna nan. Maigidana Flemming ya koma aiki bayan ciwon bayan da ya kwantar da shi, sai dai mitar ba ta ƙare ba. Ruwan sama kuwa tun farkon wata bai ɗauke ba, dankalin bayan gida ma cikin taɓo muka tone shi. Yaya, sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka ina ajiyewa, don na san kuka zai ƙwace min kafin in kai ƙarshen magana. Shi ya sa na zauna na rubuto. Maganar Baba ce.

Ka san tun rasuwar Mama bai ƙara taɓa ƙananan jiragen ƙasan nan nasa na wasa ba. Ya mayar da kawunan jiragen cikin kwalayensu, ya jere su a ɗakin ƙarƙashin rufi, yau shekara uku. A watan jiya abokinsa Ejvind, wanda suke ƙungiyar masu jiragen tare, ya lallashe shi ya fito da su don nunin da za su yi kafin Kirsimeti. Na yi murna, don na daɗe ban ga Baba yana ɗokin wani abu ba. To, da ya ɗora na farko a kan dogo, sai ya tafi yana ɗingishi yana ƙas-ƙas. Na biyu gurnani kawai ya yi, bai motsa ba. Ya buɗe cikinsu ya nuna min: 'yar giyar nan ta roba mai haƙora, wadda take juya ƙafafun, ta tsage daga tsakiya har baki, tsaga siririya kamar gashi. Ya ce zafin bazara da sanyin hunturu ne suka sa robar ta tsuke a kan sandar ƙarfen da take zaune a kai har ta fashe, ga tsohon giris ya daskare kamar ƙaro. Cikin kawuna arba'in da biyu, goma sha ɗaya ne suka tsage. Ya yi ta zagin kansa, wai shi da ya shekara talatin yana yi wa mutane faɗa kada su ajiye jirgi a sama. Ya rantse sai ya sauko da su duka ɗakin ɗinkin Mama, inda ɗumin ba ya canzawa.

Na ce ya bari ranar Asabar Flemming ya zo ya sauko da su. Ya ce Flemming ko kwalin ƙwai ba zai ba shi riƙo ba. Ranar Talata da tsakar rana na kai masa miya, na tarar da ƙofa a buɗe, rediyo na ta magana shi kaɗai, kofi ya huce a kan tebur, ga baƙin burodi an gatsa sau ɗaya an ajiye. Na kira, shiru. Sai na ga tsanin hawa ɗakin ƙarƙashin rufi a sauke. Ban san yadda na hau ba. Na same shi zaune a ƙasa tsakanin kwalaye, ya jingina da bango, fuskarsa fara fat. Abin da ya fara ce min shi ne, "Me ya kawo ki? Hutawa nake yi." Sai daga baya ya amsa cewa tun ƙarfe tara yake wurin, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. Na sauko da shi mataki-mataki, ina ƙasa yana bisa kafaɗata. Ya ce sanyi ne ya riƙe masa ƙafa, ya sa na yi alkawarin ba zan gaya maka ba. Na yarda da maganarsa don ita nake son ji. Wannan laifina ne.

Bayan mako guda sababbin giyoyi suka iso ta gidan waya cikin 'yar ambulan. Aikin ba wasa ba ne. Sai an zare ƙafa ɗaya, a cire tsohuwar giyar, a wanke sandar, a matse sabuwar ta zauna daidai, sannan a mayar da ƙafar inda take ba kuskuren ko gashi ɗaya, in ba haka ba sandunan gefe su cije. Ya gyara huɗu da kansa. A na biyar ina zaune kusa da shi. Sau biyu hantsaki yana suɓuce masa daga hannun hagu, giyar ta gangara ƙarƙashin tebur. Sai ya turo min abin matsewar. Yaya, ka tuna mutumin da ko tarago muka taɓa sai ya buge mana hannu? Ya ce, "Zauna nan. Matsa a hankali, ba murfin kwalba kike rufewa ba." Ina matsawa yana gaya min yadda zan yi, sai na ji maganar ta cuɗe, kalmomin ba su da kai. Na ɗago, na ga gefen bakinsa ya zube, miyau na bin haɓarsa. Idanunsa na kaina, ya san abin da ke faruwa, ya kasa faɗa. Ban taɓa ganin tsoro a idon Baba ba sai ran nan. Minti biyar ne, amma har yau in na rufe ido ina ganinsa. Da bakin ya dawo, ya goge haɓarsa da hannun riga ya ce, "Kin karkatar da ita. Cire ki sake."

Ban ƙara neman izininsa ba, na sa shi a mota sai asibiti. Likita ya ce ƙananan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, har sau biyu, kuma jijiyar jinin da ke gefen wuyansa na dama ta kusa toshewa. In ba a yi tiyata ba, babban ciwon na iya zuwa kowace rana. Tiyatar ma ga mai shekara saba'in da tara ba ta rasa haɗari, bai ɓoye mana ba. Baba ya dubi likitan ya ce masa saura jirage shida, in an gama nuni zai dawo. Ejvind ne ya karya shi. Ya zo har bakin gado ya ce, "Kai Asger, tsoho mai taurin kai, in ban ga ɗinki a wuyanka ba, ko ƙafa ɗaya ta jirginka ba za ta hau dogonmu ba." Baba ya ce masa ai dama dogon nasu a karkace yake. Amma ya sa hannu a takardar amincewa da tiyatar. An sa ranar tara ga Nuwamba. Da aka sallamo shi gida, na ɗaure tsanin na kulle, na kwaso kayana na dawo tsohon ɗakinmu. In ya daɗe a bayi sai in sami kaina tsaye a bakin ƙofa ina kasa kunne.

Abin da ya sa na rubuto yau jiya ya faru. Ina goge kantocin ɗakin ɗinki, murfin wani kwali ya zame, na ga 'yar takarda a ciki da rubutunsa. Na buɗe na gaba, haka. Kowane kwali da tasa: ranar da aka sa mai, a riƙa tayar da jirgin duk wata uku, kada a kai shi ƙarƙashin rufi. A ƙasa kuma sunan wanda ya bar wa jirgin. Naka, nawa, na 'yarka Pipaluk, na Ejvind. Shidan da ba a gyara ba, ya liƙa wa kowanne sabuwar giyarsa, ya zana yadda ake yi mataki-mataki, ya rubuta a sama, "Vibeke ta iya." Na zauna a ƙasa daɓas. Ya shigo ya gan ni da takardun a hannu, ya tambaye ni ko na ɗora dankali. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce ba sai na tayar maka da hankali ba, Greenland da nisa, kana da aikinka. Amma Flemming ya gaya min da safen nan Baba ya ja shi gefe, yana tambayarsa ranakun da jirgin sama daga wajenku yake sauka a Copenhagen.

Yaya, ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka zo ba, ka san shi. Ni ce nake ce maka. Kada ka jira Kirsimeti, kada ka jira wata takarda daga gare ni. Ka zo kafin ranar tara. In ya yi fushi na karya alkawari, ya yi, zan ɗauka. Ina jin tsoro, kuma na gaji da jin sa ni kaɗai.

Ka gaishe min da Naja da kyau, ka ce na gode da safar ulun da ta aiko, Baba ba ya cire ta. Ka sumbaci Pipaluk da Jens-Ole. Flemming na gaishe ku, haka Ejvind. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka sami Baba a kan ƙafafunsa.

Ni ce ƙanwarka,
Vibeke