Injin da Ya Tafasa a Hanyar Djougou, Allurar Zafi Ba Ta Motsa Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar makanikan garin Parakou,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinku, Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Sanusi, ina zaune a Kpébié, sana'ata sayen doya da kashu a ƙauyuka. Na zo ofishinku ba sau ɗaya ba, kullum a ce kun yi tafiya ko kuna taro. Shi ya sa na rubuto a fili, don abin da ya same ni ya shafi duk mai kai mota gareji a garin nan.

Na farko, motar. Tsohuwar katkat ce, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, ta mahaifina, Alhaji Mamman, ya bar mini ita da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ban musa ba, ta tsufa. Amma ba ta taɓa kwana da mu a daji ba. Da damina ta kama sai na ga allurar zafi tana haurawa duk lokacin da na hau tudu da kaya. Na yi abin da kowane mai mota ya sani. Na wanke laka da ciyawar da suka toshe fuskar lagireto, na sake murfinsa, na ja bel ɗin fanka, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ina matsawa. Zafin ya ragu amma bai tafi ba, kuma da safe sai in tarar da ruwa ya ɗiga a ƙasa. Nan na san abin ya wuce hannuna.

Na biyu, garejin. Na kai ta wani gareji a Guéma, mai shi ɗan ƙungiyarku ne, takardar shaidarku ma tana rataye a bangonsa. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, zan faɗa muku baki da baki. Ya duba ya ce famfon ruwa ya gaji, lagireto kuma ya tsage, sai an sake famfo an yi wa lagireto walda. Ban yi ciniki ba, abin da ya faɗa shi na biya. Na kuma gaya masa dalilina: ƙanin mahaifina, Baba Iliyasu, yana kwance ba lafiya a gonarsa can bayan Bariénou, hanyar kuma da damina sai katkat. Mahaifina kuma ba ya iya zaman taksi, balle babur. Ko yaushe ana iya kiranmu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ko Makka za ka da ita, tafi." Da na karɓe ta na zaga gari, allura tana tsakiya kamar an kafe ta. Na yi masa godiya har da addu'a.

Na uku, ranar tafiya. Wata Talata da safe ɗan Baba Iliyasu ya bugo waya, ya ce jiki ya yi tsanani, kuma tsohon yana ta kiran sunan yayansa, wato mahaifina. Ranka ya daɗe, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tare suka yi fataucin goro tun suna samari, tare suka gina gidanmu na Djougou. Muka ɗauko mahaifina muka kwantar da kujera, muka jera masa matashi, muka kama hanya. Idona yana kan allurar nan, ba ta motsa ba. Mun wuce gadar Bétérou da ɗan nisa sai na ji mota ta yi nauyi, ina taka ta ba ta amsawa, sai wari irin na ƙarfen da ya ƙone. Kafin in sauka gefen hanya tururi ya turnuƙe gabanmu, inji ya mutu da kansa. Har a lokacin allura tana tsakiya.

Na jira ya huce, na sa tsumma na buɗe murfi, babu ko ɗigon ruwa. Na zuba jarkar da ke mota, yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa. Na zaro sandar mai, na ga ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono. Ruwa ya riga ya shiga cikin inji. Da allura ta gaya mini gaskiya, da na tsaya tun zafi bai yi ɓarna ba, mu riƙa ƙara ruwa muna lallaɓawa har Djougou, inda ba za mu rasa motar dangi ba.

Na huɗu, abin da aka gani. Wani mai babur ya taimaka ya ɗauko mini makaniki daga ƙauyen gaba, wani dattijo. A gabana ya nuna mini abu uku. Famfon ruwan nawa ne na da, an wanke shi an fesa masa fenti. Tsagar lagireto ba walda aka yi mata ba, danƙo aka liƙa, ya narke. Sannan wayar da ke kai labarin zafi ga allura an yi mata dabara, yadda allura za ta hau tsakiya ta tsaya ko da inji yana cin wuta. Mutumin yana raye, ya ce a shirye yake ya maimaita wannan a gabanku.

Na biyar shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Muka shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin wata kaɗanya. Motocin da ke wucewa a cike suke, babu wadda za ta ba tsoho wurin kwanciya. Wajen azahar waya ta yi ƙara. Na matsa nesa na amsa, amma da na dawo ya riga ya karanta a fuskata. Ya ce, "Sanusi, Iliyasu ya tafi ko?" Na ce, "Baba, sai haƙuri." Bai yi kuka ba. Ya ce in ba shi butar alwala. Da ya idar da sallah a zaune sai ya ce, "Ka roƙe su su jira ni." Na roƙa. Sun jira har bayan la'asar, hadari ya haɗo, malamai suka ce ba a ajiye gawa haka. Sai da dare wata motar doya da ta sauke kaya ta tausaya ta ɗauke mu zuwa Djougou. Washegari da aka kai mu gonar, tudun ƙasa kawai muka tarar. Baba ya sa muka zaunar da shi kusa da kabarin, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya daɗe. Abin da na ji ya faɗa kawai, "Na taso fa, Iliyasu. Wallahi na taso."

Na san ajali ba ya jiran mota, ban kuma ce makaniki ne ya kashe Baba Iliyasu ba. Amma da safe yana da rai, yana magana, tafiyar kuma ba ta wuce ta rabin yini ba. Wannan ganawar aka raba su da ita.

Na shida, da na koma garejin bayan addu'ar bakwai, mutumin bai ko tashi daga kan benci ba. Cewa ya yi mota ta tsufa, in kai ta wajen masu sayen ƙarfe. Ko gaisuwar rasuwa bai yi mini ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ku kira shi ku kira ni, ku aiko wanda kuka yarda da shi ya duba motar, tana nan ƙofar gidana yadda aka jawo ta, ban bari an taɓa komai ba. Ku sa doka cewa duk abin da aka cire a mota a miƙa wa mai ita tsohon kayan a hannu. Wanda kuma aka kama ya taɓa allurar zafi don ya rufe aikinsa, ku cire takardarku daga bangonsa, don gobe mai naƙuda ce za ta kasance a kujerar baya. Ban nemi diyya ba. Abin da nake so, ku sa shi ya zo Kpébié ya durƙusa gaban tsohon nan ya gaya masa abin da ya yi da bakinsa. Baba ya ce shi ya yafe, amma tun da muka dawo abincinsa ya ragu, magana ma sai an tambaye shi. Ku hanzarta, don ban san tsawon lokacin da zai jira ku ba.

Allah ya ba ku ikon riƙe amanar da aka ɗora muku, ya tsare ku da iyalanku a kan hanya, ya sa duk wanda ya kira ku a ƙarshen ransa ku iske shi da numfashi. Allah ya jiƙan Baba Iliyasu, ya jiƙan naku da suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Sanusi ɗan Alhaji Mamman
Kpébié, Parakou